Man girki da jikin mace: jagorar rage wahalar al'ada da ta shekarun ɗaukewarta

Mace ta haura shekara 40, sai al'adar da ta saba zuwa a kan kari ta fara yi mata wasa. Wannan watan ta zo a kwana 24, wata mai zuwa ta tsallake, na bayansa kuma ta zo da ƙarfin da zai hana ta zuwa biki. Cikin dare ta farka sharkaf da gumi alhali fanka na juyawa. 'Yarta mai shekara 19 kuma nata salon daban ne: duk sati guda kafin jini ya zo nono ya yi tauri, ciki ya kumbura, rai ya riƙa ɓaci ba gaira ba dalili, ranar farko kuma mara ta murɗa har sai ta kwanta. Su biyun in suka buɗe waya abu ɗaya za su tarar, wato tallar kwalaben mai kala-kala, kowace da alkawarin "daidaita homon".

Mai yana da amfani ga waɗannan matsaloli, amma yawancin amfanin a tukunya yake, ba a kwalbar kafso mai tsada ba. Akwai abin da gyaran mai yake ragewa, kamar ciwon mara da bushewar fata. Akwai wanda yake karewa a ɓoye, wato zuciya da jijiyoyin jini. Akwai kuma wanda aka gwada aka ga bai taɓa shi ba, musamman zafin nan da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska. Sanin wannan rabon shi zai hana ki zubar da kuɗi.

Ga abin da ke faruwa a jiki a taƙaice. Bayan ƙwai ya fita a tsakiyar wata, sinadaran istirojin da furojestiron, wato homon ɗin da ke tafiyar da al'adar mace, suna hawa, sannan su sauka gab da zuwan jini. Jikin wasu matan ba ya jure wannan hawa da saukar, shi ne alamomin kafin al'ada. Ciwon marar ranar farko kuma aikin wani sinadari ne, furostagilandin, wanda mahaifa ke saki don ta matse ta fitar da jini, kuma daga kitsen da ke jikin ƙwayoyin halittarki ake haɗa shi. Nan ne abin da kike ci ya shigo. Shekarun gab da ɗaukewar al'ada kuwa lokaci ne da istirojin ke tashi sama ya faɗo ƙasa babu tsari kafin ya lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an cika wata 12 cur babu jini.

Mataki na farko: ki rubuta kafin ki canza komai

Mu mata mun riga mun iya ƙirga kwanaki saboda salla da azumi, abin da ya rage kawai shi ne a ƙara 'yan bayanai. Ki sami ƙaramin littafi, kowace rana da dare ki rubuta kwanan wata, ko akwai jini da yawansa, sannan ki zaɓi alamomi uku ko huɗu da suka fi damunki ki ba kowace maki daga 0 zuwa 3. Misali ciwon nono, ɓacin rai, gumin dare, rashin barci. Ki yi haka tsawon al'ada biyu. Likitocin mata ma abin da suke nema ke nan kafin su yanke hukunci.

Littafin zai nuna miki abu mai muhimmanci. In alamomin suna zuwa ne sati ɗaya ko biyu kafin jini, su tafi da zarar ya fara, to na kafin al'ada ne. In kuwa suna nan tun farkon wata har ƙarshensa, a nemi dalili a wani wurin: ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, ciwon suga, ko damuwa mai zaman kanta. Gumin dare ma a ƙasarmu ba a yi masa gaggawar fassara. In ya haɗu da tari, rama ko zazzaɓi, gwajin tarin fuka da na maleriya ne farko.

Mataki na biyu: ki auna man da gidanki yake sha

Kwalbar nan mai santilita 75 da ake auna man gyaɗa da ita tana ɗaukar babban cokali 50. Ki lura kwana nawa take yi miki, ki raba 50 da adadin kwanakin, ki sake rabawa da yawan bakin da ke cin abincin. Gida mai mutum shida da ke shanye kwalba a kwana uku, kowa yana samun kusan cokali uku a rana. In a kwana biyu take ƙarewa, an haura huɗu. Ki haɗa manja da man shanu a lissafin, kada ki ƙirga man gyaɗa kaɗai.

Me ya kamata? Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada kitse gaba ɗaya ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci, kuma kitse mai daskarewa kada ya kai kashi 10. Ga mace mai cin abincin kalori 2,000 a rana, wannan ya kama giram 67 na kitse, bai cika babban cokali biyar ba, kuma har da wanda ke cikin nama, gyaɗa, madara, ƙosai da cincin. Saboda haka man da kike zubawa da hannunki ya tsaya a cokali biyu zuwa uku ga kowane mutum a rana. Kowane cokali kalori 120 ne, ko na zaitun ne ko na manja. A shekarun nan da kitse ke barin cinya ya koma tumbi, ƙara mai a kan mai don an ce yana da lafiya babu abin da zai ƙara miki sai ƙiba, ƙiba kuma tana tsananta tasowar zafi. Duk abin da zai biyo baya musanya ne, a cire wani a sa wani.

Mataki na uku: ki sake rabon mayukan da kike da su

Dalilin wannan mataki ya fi na sauran nauyi, ko da yake ba za ki ji shi a jikinki nan take ba. Wani babban bincike a Amurka mai suna SWAN, wanda ya bi mata sama da 3,000 tun daga 1996, ya nuna cewa mugun kolestarol, wato nau'in kitsen jini mai toshe jijiyoyi, yana tashi sosai a daidai shekarar da al'ada ke ɗaukewa. Kariyar da istirojin ke ba jijiyoyin mace tana raguwa, hawan jini da ciwon zuciya suna matsowa. Maye gurbin kitse mai daskarewa da mai ruwa-ruwa na tsirrai yana sauke wannan kolestarol ɗin, kuma wannan yana cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa a ilimin abinci.

Man gyaɗa abokin tafiya ne na ƙwarai. Kusan rabinsa irin kitsen nan ne da ake yabon man zaitun saboda shi, yana jure zafi, kuma a gida ake matse shi. Aibinsa ɗaya, kusan babu omega-3 a cikinsa, wato wani nau'in kitse mai amfani da ake samu a kifi da wasu tsirrai. In na ƙuli kike saye, ki saya wurin wadda kika san tana tsince gyaɗarta, domin ruɓaɓɓiyar gyaɗa mai fumfuna tana ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. In na kamfani ne, ki duba lambar NAFDAC da tambarin ido mai nuna an ƙara bitamin A. Man da ake ɗurawa daga jarka marar suna, ana kiransa man gyaɗa alhali sanyin hunturu na daskarar da shi har ƙasa, galibi tataccen manja ne.

Manja ba abokin gaba ba ne, kuma ba na goyon bayan masu cewa a kore shi daga madafi. Jan launinsa karotin ne da jiki ke mayarwa bitamin A, yana kuma da bitamin E. Amma kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, don haka a rage hannu. Miyar da manja ke kwance a samanta har ana tsamewa da ludayi ta wuce misali. Babbar asara kuma ita ce a ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari: an ƙone karotin ɗin, an bar kitsen. Ki narkar da shi a wuta kaɗan, ki zuba albasa tun yana ja. Wanda jansa ya yi ƙyalli fiye da kima kuma yake rina hannu, ki yi hattara, domin NAFDAC ta sha gargaɗi a kan masu zuba rini a manja.

Man shanu, gaskiya, babu abin da ya kai shi a kan tuwo da miyar kuka. Fiye da rabinsa kitse ne mai daskarewa, saboda haka ki mayar da shi ɗanɗano: ƙaramin cokali a kan malmala, ba suya da shi ba. Man kwakwa da aka yi ta yayatawa a intanet ya fi shi ma, sama da kashi 80 cikin 100 nasa mai daskarewa ne. Gashi da fata ne wurinsa.

Man riɗi da na zaitun sun fi kyau a abin da ba za a soya da zafi mai yawa ba: a kan ɗanwake, kwaɗon zogale ko na rama, dafaffen wake, garau-garau. Man zaitun na asali ana iya girki da shi, sai dai tsadarsa da yawan jabunsa sun sa ba na ganin dole ne. Mace mai man gyaɗa mai kyau da riɗi a gida ba ta rasa komai ba. Man waken suya kuma yana da wani abu da sauran ba su da shi, babban cokali ɗaya yana ba da kusan giram 1 na omega-3 irin na tsirrai, don haka in kina sayen na kamfani, ki riƙa karɓa-karɓa tsakaninsa da na gyaɗa.

Wanda za a kora gaba ɗaya shi ne kitsen da aka daskarar a masana'anta, irin wanda ake samu a wasu botar gwangwani, biskit da kayan fulawa masu arha. Nijeriya ta kafa doka cewa kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai, amma kayan da ba su da rajista doka ba ta isa gare su. Sai kuma man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana kumfa. Da azumi wannan ya fi yawa, kasko ɗaya ya soya ƙosai, dankali da awara kwana da kwanaki. Ki soya da kaɗan, ki tace, in ya canza launi ko wari ki zubar.

Mataki na huɗu: kifi sau biyu a sati

Nan ne maganar ciwon mara take. Idan jiki ya sami omega-3 irin na kifi, wato EPA da DHA, suna shiga gurbin wani ɓangare na kitsen da ake haɗa furostagilandin mai zafi da shi, sai abin da mahaifa ke saki ya yi sauƙi. An yi ƙananan gwaje-gwaje da dama a kan 'yan mata, kuma yawancinsu sun nuna ciwon ya ragu, buƙatar maganin kashe zafi ma ta ragu. A kan ɓacin rai da kumburin kafin al'ada ma akwai alamun sauƙi, sai dai hujjar ba ta kai ta ciwon mara ƙarfi ba. Ba abu ne na dare ɗaya ba. Kitsen jikin ƙwayoyin halitta yana ɗaukar watanni biyu zuwa uku kafin ya sauya.

Ba kowane kifi ba ne. Titus, shawa da sardin su ne masu mai, kuma yanki mai giram 100 yana ba da kusan giram 1 ko fiye na EPA da DHA, alhali abin da ake so a rana bai wuce miligiram 250 zuwa 500 ba. Ci biyu a sati ya wadatar. Tarwaɗar kiwo da karfasa nama ne mai kyau, amma omega-3 ɗinsu kaɗan ne. Sardin na gwangwani yana aiki, har ya ƙara da kalsiyam tunda da ƙashinsa ake ci, sai dai ki tsiyaye man da ke ciki ki kuma rage gishirin girkin.

Yadda aka dafa yana da tasiri. Titus ɗin da aka soya a mai mai zurfi har ya yi ƙarau ya zubar da nasa man a kasko, ya sha na kaskon. Ki yi farfesunsa da citta da tafarnuwa, ko ki gasa, ko ki saka shi ɗanye a miya minti goma kafin saukewa.

In ba kya cin kifi, ko kuɗinsa ya gagara, sai omega-3 na tsirrai. Jiki yana juya shi zuwa EPA, amma kaɗan ƙwarai, DHA kuwa ƙasa da haka. Duk da haka ya fi babu. Ana so mace ta sami giram 1.1 a rana, kuma babban cokali ɗaya na niƙaƙƙen irin filaks, wanda Larabawa ke kira bazrul kattan, ya wuce wannan.

Mataki na biyar: ƙwaya ta fi man da aka matse daga cikinta

Wannan shi ne abin da masu sayar da mai ba sa faɗa. Sinadaran tsirrai masu ɗan kama da istirojin, irin su isofilabon da lignan, suna cikin ƙwayar ne, yawancinsu ba sa bin mai. Man waken suya babu isofilabon a ciki, a cikin awara da madarar waken yake. Man filaks ya bar yawancin lignan ɗinsa a tunkuza. Don haka ki ci abin da kansa.

Waken suya shi ne mafi hujja a wannan sahu. Idan aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, isofilabon yana ɗan rage yawan tasowar zafi ga wasu mata, ragi matsakaici mai ɗaukar makonni kafin ya bayyana, wasu kuma ba sa ganin komai. Mu mun yi sa'a, awara tana kowane lungu. Ki ci 'yan yanka uku ko huɗu ko kofin madarar waken a rana, amma ki rage soyawa: a saka ta a miyar ganye, ko a ɗan gasa a kasko da shafin mai. Cin waken suya a matsayin abinci ba shi da haɗari ga yawancin mata. Mai shan maganin maƙoƙo ta raba lokacin shan maganin da na cin awara da awa huɗu. Wadda ta yi jinyar kansar nono kuma kada ta taɓa kafson isofilabon sai likitanta ya sani.

Riɗi muna noma shi a Jigawa, Nasarawa da Binuwai, ana loda shi daga kasuwar Dawanau zuwa ƙasashen waje, mu kuma mun taƙaita shi a kantu mai suga. Ki wanke, ki shanya, ki ɗan soya shi sama-sama ba mai, ki daka. Babban cokali ɗaya ko biyu a miyar taushe, a kunu, a fate, ko a barbaɗa kan kwaɗo. Mai ɓawo yana da kalsiyam da yawa, ko da yake ba duka jiki ke zuƙa ba. Maganar kalsiyam ba ta gefe ba ce: a 1998 wani gwaji a Amurka a kan mata sama da 400 ya nuna miligiram 1,200 a rana ya rage alamomin kafin al'ada da kusan rabi zuwa wata na uku, kuma ƙashin mace yana fara zaizayewa da sauri a shekarun ɗaukewar al'ada. Kindirmo, nono, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙashi duk su shigo.

Filaks in an haɗiye shi ba a niƙa ba, yadda ya shiga haka zai fita. Ki niƙa na sati ɗaya kawai, ki rufe a kwalba, ki ajiye a firij ko wuri mai sanyi da duhu, domin zafinmu yana saurin ɓata shi. In ya fara wari kamar fenti ya lalace. Ki fara da ƙaramin cokali a koko ko fura, ki kai babban cokali a hankali, ki sha ruwa sosai. Yana taimaka wa bayan gida da kolestarol. Amma kada ki sa ran zai kashe tasowar zafi: asibitin Mayo Clinic ya jagoranci gwaji a kan mata 188, aka buga a 2012, kuma waɗanda suka ci filaks ba su fi waɗanda aka ba na bogi samun sauƙi ba. Mansa kuma ba a ɗora shi a wuta.

Gyaɗa, kashu, agushi, aya da fiya duk kitse ne mai kyau. Cikin tafin hannu ɗaya a rana, a madadin cincin ko biskit, musamman a satin nan da kwaɗayin zaƙi ke tashi.

Mataki na shida: kafin ki sayi kafso

Man furen firimros, wanda za ki ga an rubuta Evening Primrose a jikin kwalbarsa, shi ne aka fi tallata wa mata. A da likitoci a Birtaniya suna rubuta shi don ciwon nono, amma a 2002 hukumar magunguna ta ƙasar ta janye lasisinsa saboda babu gamsasshiyar hujjar yana aiki. Gwajin da aka buga a 1994 a kan tasowar zafi bai nuna ya fi na bogi ba. Kafson man kifi ma an gwada shi a kan tasowar zafi a wani bincike mai suna MsFLASH, giram 1.8 a rana na sati 12 ga mata 355, aka buga a 2014: bai rage zafi ba, bai gyara barci ba. To me ya sa ƙawarki take rantsuwa ya yi mata aiki? Domin a irin waɗannan gwaje-gwaje ko masu shan na bogi suna samun ragi na kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, kuma alamomin da kansu suna zuwa suna tafiya. Ba ƙarya take yi ba.

Kafson da nake ganin ya cancanci kuɗi shi ne na man kifi, ga wadda ba ta cin kifi kuma ciwon mara ke damunta. Ki juya bayan kwalbar ki haɗa adadin EPA da DHA, kada ki tsaya a babban rubutun gaba. Kafso mai miligiram 1,000 sau da yawa 300 kacal ke cikinsa. Ki sha da abinci. Man hantar kifi daban ne, yana da bitamin A da yawa, kuma mai yiwuwar ɗaukar ciki ta guje shi. A tuna, mace tana iya ɗaukar ciki har sai al'ada ta ɗauke gaba ɗaya.

Man habbatus sauda yana da matsayi a gidajenmu, kuma ƙananan bincike sun nuna yana ɗan sauke kolestarol da suga. Rabin ƙaramin cokali zuwa ƙaramin cokali ɗaya ya isa, kuma mai shan maganin suga ko hawan jini ta riƙa aunawa. Man darbejiya ba a sha, guba ne. Man zurma kuma gudawa kawai zai sa ki, ba ya jawo al'adar da ta makara.

Duk mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, mai farfaɗiya, mai matsalar bugun zuciya, da wadda za a yi wa tiyata, kada ta fara ɗaya daga cikin waɗannan kafso sai ta tambayi likita.

Mataki na bakwai: na shafawa

Idan istirojin ya ragu fata tana bushewa, ta yi ƙaiƙayi, hunturu kuma ya ƙara. Man kaɗe ya wadatar. Ki shafa da fitowarki daga wanka tun jiki na da laima, domin aikin mai shi ne tsare ruwan da ke fata.

Ga ciwon mara, ki ɗan ɗumama cokali ɗaya na man riɗi ko zaitun, ki murza ƙasan cibiya da ƙugu a hankali na minti 10 zuwa 15, ki fara kwana biyu kafin ranar da littafinki ya nuna. Sannan ki ɗora gorar ruwan ɗumi a naɗe da zani. Murzar da ɗumin su ne masu aikin, mai santsi kawai yake bayarwa, kuma an gwada an ga ɗumi yana kusantar maganin kashe zafi na ibufurofen wajen rage wannan ciwo. In za ki sha ibufurofen ɗin, ki sha da abinci tun ciwon bai yi tsanani ba, mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kuma ta bar shi.

Bushewar gaba da zafi lokacin saduwa abu ne da mata da yawa ke haɗiyewa saboda kunya, sai su faɗa hannun masu kayan mata. Ɗan man zaitun ko na kwakwa mai tsabta a waje yana rage gogayya, amma mai yana narka robar kwaroron roba, kuma ga wasu yana tayar da ƙaiƙayi. Kada ki yi matsi da wani haɗin mai, miski, tafarnuwa ko garin da ba ki san abin da ke ciki ba, fatar wurin ta riga ta yi siriri, saurin tsagewa take yi. A kyamis akwai man saduwa mai ruwa-ruwa, a asibiti kuma akwai kirim na istirojin da ake sawa a wurin, wanda shi ne yake gyara tushen matsalar.

Mataki na takwas: wata uku, sannan ki duba littafi

Gyaran tukunya, kifi da ƙwayoyi ki fara su tare, tunda abinci ne. Kafso kuwa ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ba za ki san wanne ya yi aiki ba. Bayan al'ada uku, ko sati 12 in ta daina zuwa a kan tsari, ki kwatanta makin yanzu da na watanni biyun farko. In bai sauka ba, ki daina sayen kafson, ki ci gaba da abincin saboda zuciyarki da ƙashinki.

Binciken SWAN ya gano cewa ga masu yawan tasowar zafi, abin yakan ɗauki sama da shekara bakwai, ga baƙaƙen mata a binciken ma ya kai goma. Wannan ba lokacin da za a ce mace ta yi ta haƙuri ba ne kawai. In zafi da gumi suna hana ki barci da aiki, maganin maye gurbin homon shi ne mafi ƙarfi, kuma akwai wasu magungunan ga wadda bai dace da ita ba. In ɓacin ran kafin al'ada ya kai ga rikici da miji kowane wata, ko tunanin cutar da kai, ciwo ne mai suna da magani, likitan mata ko na ƙwaƙwalwa ya san shi.

Akwai kuma alamomin da ba sa jiran wata uku: jinin da ke jiƙa auduga duk awa ɗaya, gudaji manya, jinin da ya wuce kwana bakwai, jini tsakanin al'ada ko bayan saduwa, ko ɗigo ɗaya bayan an cika wata 12 da ɗaukewa, ƙullutu a nono, jiri da haki. Ƙarin mahaifa, wato fayiburoid, ya yi yawa a cikin matanmu, kuma kansar mahaifa da ta bakin mahaifa da irin wannan jinin suke farawa. Ki tafi da littafinki da duk kwalaben da kike sha, har da na gargajiya, ki nemi a auna yawan jininki, hawan jini, suga da kolestarol, a yi hoton mara, a kuma duba bakin mahaifa in ba a taɓa yi miki ba.